Yaƙi, dokar ta-ɓaci, kotu ko sulhu: me ƙasa za ta zaɓa bayan babban harin ta'addanci?

Kwamitin da ya binciki hare-haren 11 ga Satumba 2001 a Amurka ya ƙiyasta cewa abin da Alƙa'ida ta kashe wajen shirya su bai wuce dala dubu 400 zuwa 500 ba. Mutum 2,977 suka rasa rayukansu. Kwana uku bayan haka, tun hayaƙi bai gama tashi daga ɓaraguzan ba, majalisar dokokin ƙasar ta ba shugaban ƙasa izinin amfani da ƙarfin soja, kuma a majalisar wakilai mutum ɗaya tak ya ƙi amincewa. Shekaru ashirin bayan nan, masu bincike a Jami'ar Brown sun lissafa cewa yaƙe-yaƙen da suka biyo baya za su ci wa Amurka kusan dala tiriliyan 8, ga shi kuma 'yan Taliban sun koma kan mulki a Kabul a watan Agustan 2021.

Na fara da wannan ne domin shawarar da ake yankewa a makon farko, lokacin da ake jana'iza kuma jama'a na neman a yi wani abu ko mene ne, ita ce ƙasa ke zama da ita shekara da shekaru. Idan kai ɗan majalisa ne da za a kawo wa doka cikin gaggawa, ko mai ba gwamnati shawara, ko ɗan ƙasa da zuciyarsa ta rabu biyu tsakanin "a je a murƙushe su" da "a bi a hankali", ga hanyoyi biyar da ƙasashe suka bi, da abin da kowacce ta haifar.

Ma'aunin da za a ɗora su a kai

Na farko kuɗi, kuma ba na kasafin bana kaɗai ba. Sojan da ya dawo da rauni za a kula da shi har ƙarshen rayuwarsa, garin da aka rusa sai an sake gina shi. Na biyu ɗorewa: bayan shekara biyar ko goma, shin ƙungiyar ta mutu ne, ko suna kawai ta sauya? Na uku sauƙin aiwatarwa, wato ko ƙasar na da ma'aikata da hukumomin da za su iya aikin, da kuma tsawon lokacin da za a ɗauka kafin a ga sakamako. Na huɗu haɗari, kuma a nan nake so a fi tsayawa.

Ɗan ta'adda ya san ba zai iya cin ƙasa da yaƙi gaba da gaba ba. Abin da yake nema shi ne ya tunzura gwamnati ta yi kan mai uwa da wabi, ta taɓa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, sannan ya je wurin danginsu ya ce, "Kun ga abin da nake faɗa muku." Usama bin Laden da bakinsa, a wani faifan bidiyo na 2004, ya yi maganar zubar wa Amurka jini har ta talauce. Saboda haka duk wani mataki sai an tambaya: yana rage musu mutane, ko yana kai musu sababbi?

Akwai kuma tambayoyi biyu da ya kamata a amsa kafin a ɗauki kowace hanya. Maharan suna riƙe da wani yanki ne, ko ɓoye suke cikin jama'a? Kuma abin da suke nema abu ne da za a iya zama a yi ciniki a kansa, ko kuwa babu abin da zai gamsar da su? Amsar waɗannan biyun ita ke raba gardama a mafi yawan lokuta.

Hanya ta ɗaya: a tura soja

Wannan ita ce hanyar da zuciya ke fara kira, kuma tana da wurin da babu makawa sai ita. Idan ƙungiya ta kafa tuta a gari, tana karɓar haraji, tana yanke hukunci, tana da sansanonin horo, ɗan sanda da takardar sammaci ba zai shiga wurin ba. Da ISIS ta kama Mosul a watan Yunin 2014, sai da aka yi kusan wata tara ana gwabzawa, daga Oktoban 2016 zuwa Yulin 2017, kafin sojojin Iraƙi da ƙawayensu su ƙwato birnin. A arewacin Mali a farkon 2013, dakarun Faransa ne suka kori masu iƙirarin jihadi daga Gao da Timbuktu cikin makonni. A Najeriya ma soja ne ya ƙwato Gwoza daga hannun Boko Haram a watan Maris na 2015. Rasa yanki yana raba ƙungiya da kuɗin shiga da wurin ɓuya da kwarjinin da take jawo matasa da shi.

Matsalar tana zuwa ne washegarin nasara. Amurka ta fara kai hari Afganistan ranar 7 ga Oktoban 2001, zuwa tsakiyar Nuwamba Kabul ta faɗi. Amma Bin Laden ya sulale daga tsaunukan Tora Bora, kuma aikin da aka fara da sunan farautar Alƙa'ida ya rikiɗe ya zama gina ƙasa. An yi shekara ashirin, sojojin Amurka sama da 2,400 suka mutu, 'yan Afganistan da suka mutu kuwa sun ninka haka sau da yawa. Shi Bin Laden ɗin, ba rundunar dubban sojoji ce ta kai gare shi ba. Bin diddigin ɗan aikensa na tsawon shekaru da 'yan tsirarun sojojin ƙundumbala ne suka cim masa a Abbottabad ta Pakistan a watan Mayun 2011.

Mamayar Iraƙi a 2003 ta fi muni, domin ƙasar ba ta da hannu a harin 11 ga Satumba. An rusa rundunar sojanta, dubban mutanen da suka iya harbi suka wayi gari babu albashi, hotunan azabtar da fursunoni a gidan yarin Abu Ghraib suka zagaye duniya a 2004, kuma daga wannan rikici reshen Alƙa'ida na Iraƙi ya girma har ya zama ISIS. Ana gudun gara aka faɗa gidan zago. Faransa ma da ta shiga Mali ana yi mata tafi, ta fice a 2022 alhali rikicin ya riga ya bazu zuwa Burkina Faso da Nijar.

Akwai wani haɗarin da ba a cika lissafa shi ba, wato ramuwa a cikin gida. Kenya ta tura soja Somaliya a Oktoban 2011. Al-Shabab ta kai hari cibiyar kasuwanci ta Westgate a 2013 ta kashe mutum 67, ta kai jami'ar Garissa a 2015 ta kashe 148, tana cewa fansa take ɗauka. Wannan ba ya nufin Kenya ta yi kuskuren kare iyakarta, amma ƙasar da za ta aika soja waje dole ta fara ƙarfafa tsaron gidanta.

Wani bincike da cibiyar nazari ta RAND da ke Amurka ta wallafa a 2008 ya duba ƙungiyoyin ta'adda 648 daga 1968 zuwa 2006. Cikin waɗanda suka zo ƙarshe, kashi 7 cikin ɗari ne kawai ƙarfin soja ya gama da su. Kashi 43 sun shiga harkar siyasa, kashi 40 kuma 'yan sanda da jami'an leƙen asiri ne suka wargaza su. A ganina waɗannan alƙaluma sun isa su sa duk mai saurin kiran yaƙi ya ɗan dakata.

Hanya ta biyu: dokar ta-ɓaci da faɗaɗa ikon jami'an tsaro

Wannan ta fi kowace sauƙi. Sa hannu ɗaya ya wadatar, kuma a kasafi ba ta da tsada sosai. Ana ba jami'ai ikon shiga gida ba tare da izinin alƙali ba, tsare mutum tsawon kwanaki, hana fita, rufe wuraren taro, sauraren wayoyi. A kwanakin farko, lokacin da ba a san ko akwai sauran mahara da ke yawo ba, irin wannan iko yana da amfani na gaske.

Faransa ta ayyana dokar a daren 13 ga Nuwamban 2015, bayan an kashe mutum 130 a Paris. An yi ta sabunta ta har zuwa farkon Nuwamban 2017, kusan shekara biyu. An kai samame gidaje sama da dubu huɗu, amma kaɗan ƙwarai daga ciki ne suka kai ga tuhumar ta'addanci a kotu. Ana cikin dokar ne wani ya kutsa da babbar mota cikin taron jama'a a Nice ranar 14 ga Yulin 2016, ya kashe mutum 86. Da aka zo ɗage ta kuma, sai aka kwashe da yawa daga cikin tanade-tanadenta aka zuba cikin dokar yau da kullum. Haka abin yake kusan ko'ina: iko yana da sauƙin bayarwa, yana da wuyar karɓewa. Masar ta shiga dokar ta-ɓaci bayan kisan Anwar Sadat a 1981, ba ta fita ba sai 2012. A Amurka, sai da Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumar leƙen asirin ƙasar aiki, ya fallasa a 2013 kafin jama'a su san cewa ana tattara bayanan kiran wayar miliyoyin mutane da hujjar wata doka da aka zartar makonni shida bayan harin 2001.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Ireland ta Arewa. Da asubar 9 ga Agustan 1971, sojojin Birtaniya suka bi gida-gida da jerin sunaye, suka kwashe mutum 342 domin tsarewa ba tare da shari'a ba. Jerin tsoho ne. Akwai dattawan da suka daɗe da barin gwagwarmaya, akwai waɗanda aka kama a madadin wasu, manyan 'yan ƙungiyar IRA, mai yaƙi da mulkin Birtaniya a yankin, kuwa da yawa sun riga sun samu labari sun gudu. Ka yi tunanin yaron da ya farka ya ga an ɓalle ƙofa an ja mahaifinsa a ƙasa da kayan barci, alhali ya san bai yi komai ba. Wa zai hana shi sauraron mai kiran ɗaukar makami? A Janairun 1972 sojoji suka harbe mutum 13 a wata zanga-zangar adawa da wannan tsarewar a Derry, kuma shekarar ta zama mafi yawan zubar da jini a tarihin rikicin baki ɗaya.

Irin haka ya faru a Maiduguri a Yulin 2009, da aka kashe Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, yana hannun 'yan sanda maimakon a kai shi gaban alƙali. An ɗauka an kashe maciji. Ƙungiyar ta dawo ƙarƙashin Abubakar Shekau da zafin da ya ninka na da, tana kafa hujja da wannan kisa.

Idan har za a yi dokar ta-ɓaci, a rubuta ranar ƙarewarta a jikinta, a iyakance ta ga yankin da abin ya shafa, alƙali ya riƙa duba kowane tsarewa cikin 'yan kwanaki, gwamnati kuma ta riƙa kawo wa majalisa adadin waɗanda aka kama da waɗanda aka gurfanar. Idan adadi na biyu ya yi ƙasa sosai da na farko, to dokar ba ta kama waɗanda ake nema.

Hanya ta uku: 'yan sanda, bayanan sirri da kotu

A nan ana ɗaukar harin a matsayin babban laifi, a bi sawunsa kamar yadda ake bin kowane laifi: lambar waya, asusun banki, wanda ya ba da hayar ɗaki, wanda ya sayar da sinadari, wanda ya tuƙa mota. Ba ta da armashin da za a nuna a talabijin, tana kuma buƙatar haƙuri. Amma ita ce nake ganin ya kamata ta zama ƙashin bayan kowace dabara.

Indonesiya ta nuna yadda ake yi. Bayan bama-baman Bali na Oktoban 2002 da suka kashe mutum 202, ƙasar ba ta miƙa aikin ga soja ba. Masu bincike sun tattara gutsattsarin motar da aka dasa wa bam, suka gano lambar jikinta duk da an yi ƙoƙarin goge ta, lambar ta kai su ga wanda ya saye ta, shi kuma ya kai su ga sauran. A 2003 aka kafa runduna ta musamman a cikin 'yan sanda, Densus 88, da tallafin Amurka da Ostareliya. An yi shari'a a bainar jama'a, mutane suka ji da kunnensu maharan suna amsa laifinsu, abin da ya rage ƙarfin jita-jitar cewa ƙirƙirar baƙi ce. An zartar wa uku daga cikinsu hukuncin kisa a 2008. An ci gaba da kai wasu hare-hare, an kuma zargi rundunar da wuce gona da iri a wasu lokuta, amma kamen da aka yi ta yi na shekaru ya kai ga shugabannin Jemaah Islamiyah, ƙungiyar da ta kai harin Bali, sun sanar da rusa ƙungiyar a watan Yunin 2024.

Indiya ma, bayan mutum goma sun shigo Mumbai ta teku a Nuwamban 2008 sun kashe 166, ta fuskanci matsin lamba mai tsanani ta kai wa Pakistan hari. Gwamnatin Manmohan Singh ta ƙi, ganin cewa ƙasashen biyu na da makaman nukiliya. Ta kafa hukumar binciken manyan laifuka ta ƙasa, ta gurfanar da maharin da aka kama da rai, ta yi amfani da shaidarsa wajen matsa wa Pakistan ta hanyar diflomasiyya. Wasu 'yan Indiya har yau suna ganin an yi sanyi da yawa, domin manyan da suka kitsa abin sun daɗe suna yawo a sake a ƙetaren iyaka. Wannan ita ce iyakar hanyar: hannun ɗan sanda ba ya tsallaka iyaka sai da yardar maƙwabci.

Kuɗinta matsakaici ne, amma ba a daina biya. Ana buƙatar ɗakunan gwaje-gwaje, masu iya harsuna, masu gabatar da ƙara da suka ƙware, kariya ga shaidu da alƙalai, da gidajen yarin da ba za su zama makarantar tsattsauran ra'ayi ba. Abubakar al-Bagadadi ya yi zaman tsare a sansanin Bucca na sojojin Amurka a Iraƙi a 2004, inda da yawa daga cikin jagororin ISIS na gaba suka ratsa.

Babbar cutar wannan hanya ita ce hukumomi su riƙa ɓoye wa juna labari. Kafin 11 ga Satumba, hukumar CIA ta san da biyu daga cikin maharan, amma ba a saka sunayensu cikin jerin waɗanda ake sa wa ido ba sai a Agustan 2001. A Siri Lanka, Indiya ta aiko da gargaɗi makonni kafin hare-haren ranar Ista ta 2019 da suka kashe mutum fiye da 250 a coci-coci da otal-otal. Gargaɗin ya maƙale a tsakanin ofisoshi, shugaban ƙasa da firaminista ba sa ga-maciji da juna. A 2023 kotun ƙolin ƙasar ta umarci tsohon shugaban, Maithripala Sirisena, ya biya diyya saboda sakaci. Ƙara wa hukumomi kuɗi ba ya maganin wannan. Sai an samu wuri ɗaya da duk bayanai ke haɗuwa, da mutum ɗaya da za a tambaya idan an yi sake.

Sannan mafi yawan bayanan da ke hana hari daga bakin jama'a suke fitowa: uwa da ta ga ɗanta ya sauya, maƙwabcin da ya ji wari daga wani ɗaki, malamin da ya lura da baƙin fuska. Wanda aka wulaƙanta a shingen bincike jiya ba zai ɗaga waya ya kira 'yan sanda yau ba. Shi ya sa hanya ta biyu, idan aka yi ta da ganganci, take kashe ta uku.

Hanya ta huɗu: kare wurare da zama cikin shirin ko-ta-kwana

Ƙarfafa ƙofar ɗakin matuƙa jirgi bayan 2001 bai ci wani kuɗin a zo a gani ba, kuma ya sa sace jirgi a mayar da shi makami ya yi wuya ƙwarai. Turakun da ake kafawa a bakin wuraren taro suna tare mota. Sai dai ba za a iya katange kowace kasuwa da makaranta da tashar mota ba, kuma idan aka toshe nan, mahari yakan koma inda ya fi laushi.

Ɓangaren da aka fi yin sakaci da shi shi ne sa'ar farko. A Norway ranar 22 ga Yulin 2011, mutum ɗaya ya kashe 77, yawancinsu matasa a tsibirin Utoya. 'Yan sandan da suka je ceto sun cika wani ƙaramin kwalekwalen roba da mutane da kaya har ya fara shan ruwa, injinsa ya mutu a tsakiyar tafki, sai jiragen ruwan fararen hula ne suka ƙarasa da su. Kwamitin bincike ya faɗa ƙarara a 2012 cewa da an isa da wuri da an ceci rayuka. A Mumbai, zaratan dakarun da ake jira suna kusa da Delhi, sai da suka yi sa'o'i masu yawa kafin su iso, abin da ya sa daga baya aka kafa musu sansanoni a wasu manyan birane. A Manchester a 2017, 'yan kwana-kwana sun yi sama da sa'a biyu ba su isa wurin da bam ya tashi ba saboda ruɗanin sadarwa. Atisaye tare, na'urar sadarwa da kowa ke ji, ajiyar jini, sanin wa ke ba da umarni: abubuwa ne masu araha idan aka kwatanta da yaƙi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Haɗarinta kaɗan ne. Aibinta ɗaya, tana rage ɓarna amma ba ta taɓa tushen ƙungiyar.

Hanya ta biyar: sulhu, afuwa da sauya tunani

Babu hanyar da ta kai wannan ɗaci ga wanda ya binne nasa, kuma duk mai ba da shawarar ta ya kamata ya fara amincewa da haka. A makonnin farko bayan babban hari ma ba ta yiwuwa. Amma yawancin rikice-rikicen da ke da buƙatar siyasa a teburi suka ƙare. Yarjejeniyar 1998 a Ireland ta Arewa ta haɗa da sakin fursunonin da suka kashe mutane. Kolombiya ta sasanta da 'yan tawayen FARC a 2016, masu zaɓe suka ƙi yarjejeniyar da ƙaramin rinjaye a ƙuri'ar raba gardama, aka gyara ta, majalisa ta amince, dubban mayaƙa suka miƙa makamai.

Haɗari biyu ke tattare da ita. Na ɗaya ɓallewa: wata huɗu bayan yarjejeniyar 1998, wani ɓangare da ya ƙi sulhu ya tayar da bam a Omagh ya kashe mutum 29. A Aljeriya, afuwar 1999 ta sauko da dubban mayaƙa daga tsaunuka, amma waɗanda suka ƙi sun zama reshen Alƙa'ida na yankin Magrib a 2007. Na biyu, sulhu daga matsayin rauni numfashi ne kawai yake ba abokin gaba. Pakistan ta yi yarjejeniya da 'yan Taliban a kwarin Swat a Fabrairun 2009, cikin wata biyu suka faɗaɗa zuwa gundumar Buner, dole soja ya shiga.

Shirye-shiryen karɓar tubabbu, irin na Saudiyya ko Operation Safe Corridor da Najeriya ta fara a 2016, suna buɗe wa ƙananan mayaƙa da waɗanda aka tilasta wa shiga ƙofar fita, kuma kowane wanda ya fito yana zuwa da labarin ciki. Sai dai tantancewa aiki ne mai wuya. Wani da ya ratsa shirin Saudiyya, Sa'id al-Shihri, ya ƙare a matsayin mataimakin shugaban Alƙa'ida a Yaman. Kuma idan tubabbe ya samu horo da jari alhali wadda ya mayar bazawara tana sansanin gudun hijira, shirin ya shuka sabuwar gaba.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Soja | Mafi tsada | Rauni, in babu mulki nagari a baya | Saurin shiga, wuyar fita | Kisan fararen hula, ramuwa, yaƙi marar ƙarshe |
| Dokar ta-ɓaci | Kaɗan | Amfaninta na makonni ne | Mafi sauƙi | Kama marasa laifi, ta zama ta dindindin |
| 'Yan sanda da kotu | Matsakaici, kullum | Mafi ɗorewa | Tana son ƙwarewa da shekaru | Ɓoye bayanai, iyakar ƙasa |
| Kariya da shiri | Kaɗan zuwa matsakaici | Tana ɗorewa in ana atisaye | Mai sauƙi | Hari ya koma wani wuri |
| Sulhu da afuwa | Matsakaici | Mai ƙarfi in ta kama | Mafi wuya a siyasance | Ɓallewa, yaudara, fushin waɗanda aka zalunta |

Wani abu da ba ya cikin jadawalin amma yana iya rusa kowace hanya shi ne ƙarya a ranar farko. Bayan bama-baman jiragen ƙasa na Madrid ranar 11 ga Maris 2004, gwamnatin Sifaniya ta dage cewa ƙungiyar 'yan awaren Basque ta ETA ce, alhali shaidu na nuna wani wajen. Kwana uku bayan haka masu zaɓe suka kayar da jam'iyya mai mulki. Shugaba ya faɗi abin da aka tabbatar, ya bambanta maharan da al'ummar da suka fito daga cikinta, ya kuma kafa kwamitin bincike mai zaman kansa da zai wallafa rahotonsa.

Wace ta dace da wa?

Idan mahari ɗaya ne ko 'yan tsiraru da suka taso a cikin gida, kamar na Norway ko na masallatan Christchurch da ke New Zealand a 2019, hanya ta uku da ta huɗu sun wadatar. A gurfanar, a binciki inda aka yi sake, a toshe gurbin da ya bi. New Zealand ta haramta yawancin bindigogi masu sarrafa kansu cikin ƙasa da wata guda, ba ta kuma buƙaci soja ba.

Idan ƙungiya ce mai rassa a ɓoye cikin birane, a zuba kuɗin a bayanan sirri, bin sawun kuɗaɗe da kotuna. Dokar ta-ɓaci, in ta zama dole, ta makonni ce, da wa'adi a rubuce.

Idan ƙungiyar tana riƙe da garuruwa, sai soja, tare da maƙwabta idan iyaka a buɗe take, kamar rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi. Amma kafin a harba harsashi na farko a san wa zai riƙe garin bayan an ƙwato shi, wane ɗan sanda, wane alƙali, wane malamin asibiti, a kuma buɗe ƙofar miƙa wuya tun ana yaƙin.

Idan an kitsa harin ne daga wata ƙasa mai ƙarfi, musamman mai makaman nukiliya, shaida a gaban duniya, takunkumi da toshe hanyoyin kuɗi sun fi mamaya aminci. Idan kuma ƙasar da suka fake a cikinta ta durƙushe, farmaki taƙaitacce kan sansanin da aka tabbatar ya fi zaman mamaya.

Idan rikicin ya daɗe, buƙatun na yanki ne ko na rabon mulki, kuma kowane ɓangare ya gane ba zai yi nasara da bindiga ba, a buɗe hanyar magana a asirce ba tare da sassauta matsin tsaro ba, a kuma sa diyyar waɗanda aka zalunta a sahun farko na yarjejeniyar.

Ƙasar da ba ta da kuɗi da yawa kuwa, ta fara da abu uku: cibiya ɗaya ta haɗa bayanai, ƙaramar rundunar bincike mai horo da albashi mai kyau, da atisayen sa'ar farko tsakanin 'yan sanda, asibitoci da 'yan kwana-kwana aƙalla sau biyu a shekara.